Alhaji Zai Sayi Tabarau Mai Magana

"Ku rufa mini asiri, kada zancen nan ya wuce kan tabarmar nan," in ji Alhaji, yana miƙo mana wayarsa. "Idan Hajiya ta ji kuɗinsa, a shago zan kwana."

A ƙofar gidan Likita muke, bayan sallar isha'i, mu 'yan keken safiyar Asabar. Ɗan'autanmu ne ke kan butar shayi kamar kullum, Injiniya ya jingina da bango yana ƙorafin gwiwa. Hoton wani tabarau ne a wayar, mai faɗi, ya rufe rabin fuska, irin na masu tsere. Oakley Meta Vanguard sunansa. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, shi ya haɗa kai da Oakley suka bayyana shi a watan Satumban 2025, a kan dala 499.

Ɗan'auta bai ko ajiye buta ba ya buga lissafi. "Yallaɓai, wannan ai ya haura naira dubu 700, kafin ma a sa kuɗin kawowa. Albashin ƙaramin ma'aikaci ne na wata goma cur."

"Kai dai zuba shayi," Alhaji ya ce. "Ku ji aikinsa tukun. Akwai kyamara a tsakiya, saman karan hanci, abin da idonka ya gani shi take ɗauka. Akwai 'yan lasifika a gefen kunne. Idan kana da agogon Garmin, kana cikin tafiya sai ka tambaye shi bugun zuciyarka nawa, gudunka nawa, ya ba ka amsa. Ba ka cire hannu daga kan keke ba, ba ka sunkuya ba."

"Da Hausa zai amsa?" in ji Likita.

"Wace irin Hausa kuma, Likita? Turanci dai."

Muka yi dariya. Injiniya ya gyara zama, wanda a wurinmu alama ce ta za a sha tarihi.

"Alhaji, ba don in kashe maka gwiwa ba, amma wannan hanya akwai kaburbura a gefenta. Google Glass ya fito a 2013 a kan dala 1,500, duniya ta ɗauka an gama da waya. Farkon 2015 aka daina sayar wa jama'a. A shekarar ce wani kamfani a birnin Vancouver na Kanada ya fitar da Recon Jet, takanas domin masu keke da masu gudu, dala 699. Intel ya saye kamfanin, a 2017 ya rufe shi. Garmin da kansa ya gwada a 2016 da wata 'yar na'ura, Varia Vision, da ake maƙalawa a jikin tabarau na yau da kullum. Ita ma ta bi sahu. Shi Oakley ɗin nan ba yau ya fara ba, a 2016 ya yi Radar Pace, mai magana a kunne kamar koci. Ina yake yanzu?"

"To me ya kashe su?"

"Nauyi, batir, da tsada. Recon Jet ya kai giram 85, batirinsa bai wuce awa huɗu ba. Ka yi tunanin abu yana danne maka hanci daga nan har Bichi, gumi yana zame shi. Amma gaskiya a faɗe ta, an magance yawancin waɗannan. Akwai na Faransa, Engo 2, na wani kamfani a Grenoble. Giram 36 ne kacal, batirinsa yana kai awa 12. Dabararsu ita ce sun cire masa ƙwaƙwalwa. Ba ya lissafin komai da kansa, agogonka ko na'urar kan keke ce ke aiko masa da lambobi ta Bluetooth, shi kuma ya haska su a gilashin ido ɗaya. Gudu, nisa, bugun zuciya, suna shawagi a gabanka kamar an rubuta a iska."

Idon Alhaji ya yi haske. "Ashe ma akwai wanda ya fi nawa. Nawa ba ya nuna lambobi, faɗa kawai yake yi."

A nan na sa baki, domin wannan ne abin da ya daɗe yana cina. Na ce masa, Alhaji, ni a ganina abin da kake kira ragi shi ne alherin naka. Matsalar da ta rage wa waɗannan tabarau ba ta batir ba ce, kuma babu injiniyan da zai warware ta. Idon mai keke ya riga ya sami aikin yi. Babu wani lokaci a kan kwalta da yake zaune yana jiran a ba shi abin karantawa.

Masu sayar da su suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ai dama kana sunkuyawa ka duba na'urar da ke kan hannun keke, to gara a kawo maka lambar gaban ido, kanka na sama. Idan kana gudun kilomita 30 a awa, kowace daƙiƙa kana cin mita takwas da ɗoriya. Sunkuyon daƙiƙa biyu ya kai ka kusan mita 17 ba ka ga hanya ba, ya isa a ce akuya ta fito daga lungu ta tsaya. Wannan gaskiya ne. Inda hujjar ta yi rauni shi ne ɗaukar cewa wanda idonsa ke fuskantar hanya yana ganin hanya. Hukumar NASA ta taɓa gwada wannan da matuƙan jirgin sama ƙwararru, a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Aka haska musu bayanan sauka a gilashin gabansu, sannan aka sa wani jirgi ya gitta a kan titin da za su sauka. Wasu daga cikinsu ba su gan shi ba sam, alhali yana tsakiyar abin da suke kallo. Hankalinsu na kan lambobi. Akwai kuma gwajin da wasu masana halayyar ɗan Adam, Simons da Chabris, suka wallafa a 1999: aka sa mutane su ƙirga jefa ƙwallo a wani bidiyo, wani mutum sanye da rigar goggon biri ya ratsa ta tsakiya har ya bugi ƙirji, kusan rabinsu ba su lura ba. Taura biyu ba ta taunuwa, ko an sa maka su a baki ɗaya.

"Amma zakarun duniya suna amfani da shi," Alhaji ya ce, bai sauka ba tukun.

"Sun yi," in ji Injiniya. "'Yan matan Amurka masu tseren ƙungiya sun yi atisaye da wani mai suna Solos kafin gasar Olamfik ta Rio a 2016, suka ci azurfa. Amma a ina suke atisayen? A zagayayyen filin katako, rufaffe, kowa na bin hanya guda. Babu a-daidaita-sahu da zai ci birki don ya hango fasinja, babu rami, babu mai baro. A can lamba ita ce komai. Kai kuma titin Zariya za ka hau."

Likita ya kurɓi shayi ya ce, "To Malam, kana nufin kunne ya fi ido aminci ke nan?"

Na ce ya fi, amma shi ma ba kyauta ba ne. Mai keke da kunnensa yake ganin baya. Tun kafin ka waiwaya ka san tifa ce ko ƙaramar mota ce, ka san direban ya sassauta ko ya taho da wuta. Shi ya sa Faransa ta hana masu tuƙi sa abin jin sauti a kunne tun ranar 1 ga Yulin 2015, kuma dokar ta haɗa da masu keke, tarar yuro 135. Abin da ya ɗan ceci tabarau irin na Alhaji shi ne ba ya toshe kunne, daga waje yake magana. Haka ma irin na Shokz, da ke zama a kan ƙashin gaban kunne ya tura sauti ta cikin ƙashi. Ramin kunnenka a buɗe yake. Sai dai buɗaɗɗen kunne ba ya hana zuciya tafiya. Idan ana karanta maka saƙon abokin ciniki yana cewa kaya sun maƙale a Apapa, wallahi ko jirgin ƙasa ne a bayanka ba za ka ji ba.

"Wannan da ni kake," in ji Alhaji.

"Da kai nake, ranka ya daɗe."

Ɗan'auta ya zagayo da zubi na biyu. Shi ne ya tambayi abin da ya kamata a fara tambaya: "To cikin duk waɗannan tarkacen, Yaya, wanne ne ya cancanci kuɗinsa?"

Injiniya bai yi jinkiri ba. "Wanda ke gaya maka abin da ba za ka iya sani da kanka ba. Gudunka ka sani, ƙafarka na gaya maka. Gajiyarka ka sani. Abin da ke bayanka ne ba ka sani ba. Rada ta bayan sirdi, ita ce kaɗai na ga mutanen da suka saya ba sa iya rabuwa da ita. Kuma abin da zai ba ku mamaki, a Afirka aka ƙirƙiro ta. Wani ƙaramin kamfani ne a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, iKubu, ya ƙera ta, Garmin ya saye su a farkon 2015 ya sa mata suna Varia. Girmanta bai wuce fitilar baya ba. Tana hango mota daga nisan mita 140, ta yi maka ƙara sau ɗaya, ta nuna ɗigo yana hawowa a gefen na'urarka. Mota biyu, ɗigo biyu. Idan mai tahowar ya yi gudun wuce sa'a, launi ya koma ja, ƙarar ta sauya. Hanya ta yi tsit, ta nuna kore. Ba ta neman ka karanta komai. Kusan dala 200 take."

"A cikin gari fa?"

"A cikin gari ba ta da amfani, kashe ta za ka yi. Daga Ƙofar Nasarawa zuwa Bata ai kuka za ta yi ta yi ba tsayawa. Kayan bayan gari ce, inda za ka yi minti biyar ba mota, iska na busa maka kunne, sai ga tirela. Kuma bambancin gudu take aunawa, don haka motar da ta lafe a bayanka tana tafiya daidai da kai tana iya ɓace mata. Wanda ya biyo hannun da ba nasa ba ya taho ta gabanka kuwa, wannan tsakaninka da Allah ne. Ba ta ɗauke maka waiwaye, lokacin waiwayen take gaya maka."

Likita ya yi murmushi. "Iyayenmu dai da madubi biyu suke ɗaura wa Raleigh, har da tuntaye. Ba caji, ba manhaja."

"Kuma madubin yana yin kaso mafi yawa na aikin," Injiniya ya amsa. "Girman kai ne kawai ya hana mu ɗaura shi a keken tsere."

Daga nan hira ta koma hannun Likita, don an zo fagensa. Ya ce shi idan za a bi ta tasa, a shekarunmu abin ɗaurawa a ƙirji mai auna bugun zuciya ya fi kowane tabarau. Tsohuwar fasaha ce, kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fitar da na farko marar waya tun 1982. Lantarkin zuciya yake karantawa kai tsaye. Agogon hannu kuwa koren haske yake harbawa cikin fata ya auna kai-komon jini, kuma a kan keke, wuyan hannu a lanƙwashe, hanya na girgiza ka, yakan yi shirme. Abin da Likita yake so mu riƙa lura da shi shi ne lokacin bazara. Rana ta kai digiri 40, gudunka bai ƙaru ba amma bugun zuciya na ta hawa: jiki ne ke tura jini zuwa fata don ya huce, ruwa kuma yana raguwa. Sau da yawa lambar kan riga ƙishirwa magana. A nan ne, in ji shi, ƙaramar ƙara a kunne take da daraja, ka saita iyaka, in ka haura ta sanar da kai, ka nemi inuwa. Ya kuma gargaɗe mu da lissafin nan na cire shekarunka daga 220. Kintace ne na taron jama'a, yana iya kauce wa mutum ɗaya da bugu goma ko fiye. Mai hawan jini ko mai shan maganin da ke rage bugun zuciya, asibiti zai je a saita masa, ba waya zai tambaya ba.

Ya ba mu wani labari da ya burge ni. Akwai ɗan faifan da masu ciwon suga ke mannawa a dantse yana auna sukarin jini dare da rana. 'Yan tsere suka gano amfaninsa, don yana nuna musu lokacin da ya kamata su ci abinci kafin ƙarfi ya yanke. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana amfani da shi a cikin gasa a 2021. A watan Maris na 2023 wata Ba'amurkiya, Kristen Faulkner, ta zo ta uku a tseren Strade Bianche a Italiya, aka hango tudun faifan a ƙarƙashin rigarta, aka soke sakamakonta. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka ta ci zinare a tseren titi na Olamfik ɗin Paris.

"Ba faifan," Likita ya ƙara, yana kallon Alhaji ta saman nasa tabarau na karatu.

Ɗan'auta ya ce a gasar ce kuma 'yar Najeriya ta farko da ta taɓa zuwa Olamfik a tseren keke, Ese Ukpeseraye, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken filin katako. Aka yi shiru kaɗan. Babu wanda ya ga abin ƙarawa.

Injiniya ne ya rage murya, ya matso. "Akwai wadda ban so in faɗa da ƙarfi ba. Duk waɗannan na'urori 'yan tsegumi ne. Kun san Strava, inda muke ɗora tafiyarmu muna yi wa juna tafi. A ƙarshen 2017 suka wallafa taswirar duniya da ke haska duk inda masu amfani da su suka bi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura da wasu zagaye masu haske a tsakiyar duhu, a Siriya da Afganistan. Sojoji ne ke motsa jiki a kewayen sansanoninsu da agogo a hannu. Mutane suka bazama bincike, har sansanin sojan Faransa da ke Madama a lokacin, can ƙuryar arewacin Nijar, ya fito a zane. A 2024 jaridar Le Monde ta bi sawun masu tsaron Macron da Biden da Putin ta wannan manhajar, ta gano wuraren da shugabannin ke sauka. To mu fa? Na buɗe shafin wani a cikinmu, ba zan faɗi suna ba. Kowace tafiya daga ƙofar gidansa take farawa, a nan take ƙarewa, ƙarfe shida na safe, rana guda a mako, ga hoton keken a sama. Me ya rage wa mai mugun nufi ya bincika?"

Kowa ya laluba aljihunsa. Injiniya ya nuna mana inda ake ɓoye farko da ƙarshen tafiya, da inda ake rufe shafi sai wanda ka amince wa. Aikin minti biyu ne.

Ni kuma kyamarar ce ke damuna, na faɗa wa Alhaji ba ɓoye-ɓoye. Amfaninta a fili yake: direba ya goge ka ya gudu, kana da lambarsa. Amma mu ta cikin ƙauyuka muke bi. Mata na ɗiban ruwa a bakin rijiya, yara na wanka a kududdufi, dattawa na zaune a gindin bishiya muna yi musu sallama suna amsawa da fara'a. Sun amsa ne don sun ga baƙi masu wucewa, ba su san fuskarka na naɗar su ba. Akwai ɗan haske da ke kunnuwa idan ana ɗauka, amma wa zai gan shi da rana tsaka, wa ma ya san ma'anarsa? A 2024 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Harvard suka haɗa tabarau na Meta da wata manhajar gane fuska, suka nuna za su iya kallon baƙo a titi su ciro sunansa da adireshinsa. Ranar da mutanen hanyar Ɗambatta suka fahimci abin da ke fuskar ɗayanmu, dukkanmu za a daina ba ruwan sha.

Alhaji ya daɗe yana juya kofinsa. "To kun kashe mini kasuwa."

"Ba mu kashe ba," in ji Likita. "Idan don nishaɗi ne, kuɗinka ne, saya. Tabarau ne mai kyau, zai tare maka ƙurar hunturu da ƙwari. Sharaɗinmu biyu: ba karanta saƙo a kan titi, ba ɗaukar mutane sai an tambaye su. Amma kada ka ce mana don tsaro ka saya."

Injiniya ya ce shi yana da shawarar da ta fi sauƙi a aljihu. Radar nan guda ɗaya ta ishe mu duka, don siginar ANT+ da take aikawa na'urori da yawa na iya kamawa a lokaci guda. A yi karo-karo a sayo ta. Sai dai dole a ɗaura ta a keken wanda ke ƙarshen layi, in ba haka ba mu da kanmu za ta riƙa ƙirgawa a matsayin motoci.

"To wa zai riƙa zama a baya?" Alhaji ya tambaya.

Ɗan'auta ya sunkuyar da kai yana ɗauraye kofuna, kafaɗunsa na rawa.

"Alhaji," Likita ya ce a hankali, "tun da aka kafa ƙungiyar nan, ka taɓa ganin wani a bayanka?"